Farin Zanen Dada Ya Je Fatakwal

GOMBE

Tun kafin kiran assalatu Goggo Dudu ta fara buga mini ƙofa, wai in tashi kada jirgi ya bar mu. Na ce mata jirgin da ke tasowa daga Maiduguri bai taɓa barin kowa a Gombe ba, mutane ne ke gajiya da jira su bar shi. Ba ta saurare ni ba. Muka yi salla, muka sha kunu a tsaye.

Ga dalilin tafiyar. Waya ta zo cewa yayata, Adda Mairo, ta haifi ɗa namiji a Fatakwal, inda mijinta Yaya Buba yake karɓar shanun da ake lodawa a jirgi daga nan. Goggo Dudu, ƙanwar babanmu, ita za ta yi mata wankan jego. Ni kuwa an haɗa ta da ni ne don na gama sakandare ina zaune a gida, kuma ina jin Turanci. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, kowane lungu na unguwarmu Jekadafari sai ka ji ƙarar sabon babur.

Muna shirin fita sai kakarmu Dada ta kira ni ɗakinta. Akwai wani farin zane a gidanmu, ita ta kaɗa zarensa da hannunta tana amarya, aka saƙa mata. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu a cikinsa ake fito da shi ranar suna. Babanmu ya shiga, Goggo ta shiga, ni ma an ce na shiga ina ta tsala ihu. Ta ninke shi, ta sa a kwalla, ta rufe, ta ɗaure murfin da tsohon ɗankwali.

"Jummai, ke na ba, ba Dudu ba. Dudu da ta ji motsin mota sai barci."

"To Dada."

"Fari na ba ki. Fari za a sa angona a ciki, fari za ki dawo mini da shi."

"In ya yi datti ai akwai sabulu a can ma."

Ta dube ni ta ce, "Bakinki ya fi ƙafarki sauri. Tafi."

Mai amalanke ya tura mana kaya har tasha: buhun gero, kanwa, daddawa, kuka, da man shanu a kwalba. Jirgin bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kamar yadda na faɗa.

BAUCI ZUWA KAFANCHAN

Kan jirginmu mai kwal ne, tsoho, yana tafe yana tari. Na yi sauri na kama kujerar bakin taga ina murna. Ba mu yi nisa ba na gane dalilin da ya sa ba wanda ya yi takara da ni. Duk sa'ad da jirgi ya karya kwana, iska sai ta kwaso hayaƙin ta watso mana. Wani ɓurɓushi mai kaifi kamar yashi ya shige mini ido, na yi ta hawaye har Bauci.

A makaranta an koya mana cewa hayaƙi ba iska ce zalla ba, ƙananan gutsattsarin abin da bai gama ƙonewa ba ne. Masu nauyi suna faɗuwa nan kusa, marasa nauyi su yi nisa. Na rubuta a jarrabawa na ci, amma a ranar na gani da idona, wato da idon da ya rage mini. Ciyawar da ke bakin layin dogo duk ta yi baƙi, amma in ka ɗaga kai ka dubi can gaba kaɗan, launinta na nan yadda Allah ya yi ta. Na gaya wa Goggo. Ta ce, "To malama, rufe tagar."

Kwallar tana kan cinyata, ban ajiye ta ko ƙasa ba. A Bauci muka sayi fura da nono mai kyau, ba tsada. Wajen Kuru sanyi ya kama mu, ga mu a tsakiyar bazara, Goggo ta lulluɓa da zane biyu tana cewa mutanen nan me suka yi wa Allah. A Kafanchan aka sauke mu, muka kwana a ɗakin jira na mata a kan tabarmarmu, muka jira jirgin da ke zuwa daga Kano. Da gari ya waye na share fuska da hankici, sai ga hoton fuskata baƙi a jiki.

LAFIYA DA MAKURƊI

Jirgi na biyu ya fi cika. Muka samu wuri kusa da wata Banufiya mai fataucin busasshen kifi, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Daga Lafiya muka shiga ƙasar da ake ƙunar daji. Hagu wuta, dama wuta, wani wurin kuma an riga an ƙone, ƙasa ta yi baƙi ƙirin har iyakar ganinka. Mai kifi ta ce mafarauta ne ke korar gafiya, manoma kuma na share gona kafin ruwa.

Tokar ciyawa daban take da ta kwal. Ba ta da nauyi, tafe take tana lilo kamar gashin kaza. Abin da ya ba ni mamaki, mun wuce wutar da nisa, ba ko hayaƙi a sama, amma tokar tana ta sauka a kanmu. Mai kifi ta ce a garinsu takan faɗo cikin miya alhali ba wanda ya san inda aka yi ƙunar.

Kafin gadar Makurɗi aka tsayar da jirgi, sojoji suka shigo duba kaya. Wani saurayi a cikinsu ya nuna kwallata da baki.

"Me ke ciki?"

"Zane."

"Buɗe."

Na buɗe. Ya miƙo hannu zai ɗaga, sai Goggo, wadda na ɗauka barci take, ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ɗana, dubi hannunka. Zanen suna ne."

Ya dubi hannun nasa, baƙi da man bindiga. Goggo ta ɗauko buta ta zuba masa ruwa ta taga, ya wanke, ya goge a wandonsa, ya ɗaga gefen zanen da yatsa biyu kamar mai taɓa ƙwai. Ya ce Allah ya raya. Duk taragon aka yi dariya, har shi.

A ɗan wannan buɗewar ne wani gashin toka ya shigo ta taga, ya yi lilonsa, ya zauna a tsakiyar zanen Dada. Ni kuma da gaggawata na sa yatsa na goge. Ya bar wani dogon layi toka-toka.

Mai kifi ta ce, "Ayya 'yata, da hurawa kika yi. Wannan ba a goge ta."

Goggo ta leƙa ta ce ba komai, wanki ɗaya ne. Muka huce haushi da mangwaron Makurɗi, wanda ake sayarwa kwando guda a kuɗin da ba zai sayi biyar a Gombe ba.

INUGU

Nan gidan kwal ne. Ganyen ayabar da ke kusa da tasha an yi masa kwalli, rufin kwano duk ya dushe. Na ga mata sanye da fararen riguna suna tafiya abinsu, na ce a raina lallai waɗannan suna da haƙurin wanki. Muka sayi wani abu mai kama da alala da ake yi da gurjiya, a naɗe cikin ganye. Goggo ta ce ba za ta ci abin da ba ta san sunansa ba. Ta ci uku.

Daga nan daji ya rufe, itatuwan kwakwa ko'ina, zufa tana bin mutum ko yana zaune.

FATAKWAL

Yaya Buba ya tarye mu da motar haya. Gidansu yana bayan gari ta hanyar Aba, gidan haya mai ɗakuna a jere da doguwar baranda. Adda Mairo ta rungume mu tana kuka tana dariya. Yaron kuwa ƙato, da hancin Dada sak. Saura kwana biyu suna.

Da magariba na fita alwala sai na ga gabas ta yi ja. Can bayan itatuwa wani dogon bututu ne tsaye, wuta tana ci a bakinsa, baƙin hayaƙi na tashi sama.

"Yaya Buba, gobara ake yi."

"Ba gobara ba ce. Iskar da ke fitowa tare da mai ce suke ƙonewa. Tun da na zo garin nan ban ga ta mutu ba."

Na auna nisanta da ido, na ga ta kai daga Jekadafari zuwa bayan unguwar Madaki ko fiye. Hayaƙin kuma sama yake yi. Na cire ta daga raina.

Abin da Goggo ta lura da shi daban ne. Gidan mai mata kusan goma, ga fili a tsakar gida, amma ba igiyar shanya ko ɗaya a waje. Kowa ya rataye wankinsa a ƙarƙashin baranda, wasu ma a cikin ɗaki.

"Kin gani ko? Tsoron ɓarayi," in ji ta. "Ko ƙyuya. Kaya ba su ga rana ba ina za su yi haske?"

Ku da ke gida kun san yadda muke yi wa farin kaya. A wanke da yamma, a sa bula, a shanya a fili ya kwana ya sha raɓa, rana ta fito ta same shi, sai ya yi fari har yana ɗaukar ido. Haka Dada take yi wa zanen nan tun kafin a haifi babanmu. Muka wanke shi, layin Makurɗi ya fita tas. Na ciro igiya daga kayanmu, na ɗaura daga bishiyar gwanda zuwa turken baranda, na baza shi sosai don kowane gefe ya samu rabonsa. Adda tana ɗaki tana shan kunun kanwa, ba wanda ya gaya mata.

Da asuba na riga kowa fita. Iska ta tsaya cik, ga raɓa ta sauka sosai. Daga nesa na ga zanen kamar ya yi duhu, na ce ko idona ne. Da na matsa sai na ga ɗigo-ɗigo baƙi tun daga wannan baki har wancan, kamar an barbaɗa masa masoro. Na tuna da mai kifi, na hura. Ko motsi. Na taɓa ɗaya da farce, sai ya baje, da maiƙo a jikinsa kamar kunkunniyar fitilar kananzir.

Goggo ta fito, ta gani, ta zauna a bakin baranda. Gobe suna.

Ni ba na iya zama. Na cire zanen daga igiya na nufi duron da ke ƙarƙashin indararo, don an yi ruwan farko kwana biyu kafin zuwanmu, kuma kowa ya san ba abin da ke fitar da datti kamar ruwan sama. Na ɗaga murfi ke nan sai na ji an ce da Hausa, "Ke yarinya, kada ki sa."

Maƙwabciyar Adda ce, ana kiranta Mama Ngozi. Ta yi zaman Jos kafin yaƙin basasa, Hausarta ta fi ta wasu 'yan ajinmu. Ta sa kwano ta ɗebo ruwan ta nuna mini. Launinsa kamar an wanke tukunya, wani abu mai ƙyalli yana yawo a sama.

"Jiya na ga igiyarku," in ji ta. "Na ce ko tabarma za ku shanya. Wa ya ce ku kwanar da farin kaya a waje?"

Goggo ta ce, "A garinmu haka ake yi."

"A garinku akwai wancan?" Ta nuna bututun da haɓa.

Na ce, "Ai yana da nisa. Kuma sama hayaƙin yake tafiya."

"Da rana yana tafiya. Da asuba in iska ta kwanta, ina kike so ya je? Raɓa ce ke sauko da shi. Da rani ma da sauƙi, iskarku ta arewa tana tura shi teku. Yanzu iska ta juyo, kanmu take kawo shi."

Goggo ta ce, "Mu da muka ce tsoron ɓarayi ne."

Mama Ngozi ta yi dariya har ta dafa bango. "Ɓarawon yana nan, Mama, amma ba ya ɗauka. Kawowa yake."

Ita ta karɓi aikin. Ta aiki 'yarta famfo, ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta hana mu cuɗawa. Sai a shafa sabulu a bar shi ya jiƙa, a matse a hankali, a zubar, a sake. Ta matsa lemon tsami a ruwan ɗauraya. Muka wuni a kai, ni da ita da Goggo, Adda tana leƙowa ta taga tana cewa, "Jummai, Dada za ta yanka ki," ina ce mata ta koma ta sha kununta. Aka shanya a cikin ɗaki, Goggo ta bi shi da dutsen guga har ya bushe.

Ya yi fari. Amma in ka kai shi haske, a gefe guda akwai sauran ɗigo-ɗigo masu dusashewa, kamar bayan ƙwan zabo. Waɗannan sun ƙi fita.

Ranar suna muka ninke gefen ya koma ciki. Aka raɗa wa yaro suna Usmanu, aka fito da shi cikin zanen kakar uwarsa, 'yan Arewan da ke kasuwar shanu suka cika gidan, aka ci tuwo da miyar kuka da naman rago. Mama Ngozi ta zo da shinkafa tukunya guda, ta ɗauki yaron ta ce fari ya yi masa kyau, ta kashe mini ido.

ZAMAN ARBA'IN

Muka zauna har Adda ta gama wanka. Tun da ba ni da aikin yi sai hura wutar ruwan zafi, na maida kaina mai gadin sama. Kullum da yamma in kifa farin faranti a kan duro, da safe in duba. Ran da iska ta taso daga wajen bututun, in shafa yatsa ya fito baƙi. Ran da aka kwana ana ruwa, farantin fes, sama ta yi wasai, amma ruwan da ya fara zubowa daga rufi ba mai taɓa shi. Matan gidan sukan bar indararo ya yi ta zuba a ƙasa tukuna kafin su tara bokiti. Da damina ta kankama sai ruwan duro ya yi ta haske, har muka fara wanki da shi.

Yaya Buba ya ce rufin kwano a unguwar ba ya daɗewa yake hujewa, mai gidan yana ta canjawa yana ƙorafi. Ban san ko hayaƙin ne ba ko gishirin teku, na faɗi abin da na ji ne. Abin da na sani, Goggo da ta yi wa mutane dariya, ita ce ta fi kowa cika baranda da shanya.

KOMOWA

Hanyar da muka bi ita muka sake bi, amma kamar wata ƙasa. Baƙin dajin Lafiya ya zama kore shar, an yi kunyoyin doya, ba toka ko ɗaya a iska. Sai kwal ɗin jirginmu kawai, shi ba ruwansa da rani ko damina. Wannan karon na bar wa wani ɗan kasuwa bakin taga, ya yi ta godiya.

Muka gangaro Gombe da magariba. Ban taɓa ganin garinmu daga nesa a irin wannan lokacin ba. Yana kwance cikin kwari, ga hayaƙin girki na kowane gida da na manyan motocin auduga ya taru ya shimfiɗu a kansa kamar mayafi, bai tashi ba, bai tafi ba. Na taɓa Goggo na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe mu ma muna da namu."

Ban bari gari ya waye ba. Ko mayafi ban cire ba na shiga ɗakin Dada na dire kwallar a gabanta.

"Ga zanenki. Wancan gefen ya yi ɗigo. Mun kwanar da shi a raɓa, raɓar can kuma da baƙin hayaƙi take sauka. Mun wanke iyakar wankewa."

Ta ce in ɗaga fitila. Ta warware zanen a kan cinyarta, tana bin sa da yatsa a hankali har ta kai wurin. Ta kai shi kusa da ido, ta sunsuna.

"A ciki aka fito da angon nawa?"

"A ciki."

"Ya yi kuka?"

"Ko kaɗan. Barci ya yi ta yi."

"To ya fi ki." Ta juya zanen ta kama wata kusurwa. "Matso da fitilar. Kin ga wannan rawayan?"

Na duba. Akwai shi kuwa, ɗan tabo kamar ƙwayar gero, ban taɓa lura ba.

"Sunan ubanku. Rufin ɗakin girki ya ɗigo da damina, ruwan kunkunniya ya sauka a kai. Wannan ɗan ƙunan kuma na Dudu ne, ana ƙunar kara a gona tartsatsi ya biyo iska. Na yi kuka a kan kowannensu."

"To me ya sa kika ce in dawo da shi fari?"

"Da na ce miki akwai tabo, da a kan kujerar jirgi za ki shimfiɗa shi ki ci mangwaro."

Goggo da ke bakin ƙofa ta tuntsire da dariya. Dada ta sake shafa ɗigon Fatakwal da tafin hannu, ta ninke zanen yadda ta saba, ta mayar cikin kwalla.

"Wannan na Usmanu ne. Kada wanda ya sake wanke mini shi."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai kifi da ban tambayi sunanta ba, da sojan da ya wanke hannu, da Mama Ngozi wadda na bar wa sauran daddawarmu. Duk wadda za ta je jego Fatakwal daga nan, ta tafi da gero da kanwa, amma igiyar shanya ta bar ta a gida.